Kwandon Juma'a

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, yana zaune a kan bencinsa a bakin rumfarsa ta kasuwar Zuba. Waɗanda ke kusa da shi sun ce yana cikin fere lemo ne, sai ya ajiye wuƙar a hankali a kan cinyarsa, ya jingina da ginshiƙi kamar mai son ya ɗan runtsa. Na Allah ne mu duka, kuma Baba ya riga mu komawa gare shi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen dutsen Zuma, amma ko ɗigo bai sauka ba sai da aka gama rufe shi aka shafa fatiha.

Mutanen da suka fara cika gidanmu duk mun san su: dillalan lemo da ayaba, direbobin da ke yi masa jigila daga Binuwai, masu dako, 'yan unguwa. Kukansu irin na maza ne, a sunkuyar da kai a yi ta jan carbi. Wani tsohon direba ne kawai ya kasa daurewa, ya zagaya bayan motarsa ya kifa goshi a jikin ƙofa, kafaɗunsa na rawa.

Washegari ne baƙin fuska suka fara zuwa. Akwai wani dattijo mai tabarau da ya shigo yana dogara sanda, ya ce a gidan yari aka lalata masa ƙafar saboda wani sharhi da ya taɓa rubutawa. Akwai wata lauya da ta tsaya a ƙofar gida ta ari mayafi wurin maƙwabciyarmu, ta shigo ta durƙusa gaban Inna. Akwai fasto. Akwai wani mai aikin ɗab'i da tawada ta zaunar masa a ƙarƙashin farce. Wasu ko Hausar kirki ba sa ji, "sannu Mama, sannu Mama" kawai suke ta maimaitawa, idanunsu jawur. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta iso daga Zariya da safe, ta yi ta kallonsu ta ƙasan ido, can ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, yayan nawa jam'iyya ya buɗe a Abuja ban sani ba?"

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

A cikin waɗannan baƙi wata mace ta shigo, siririya, da goyo a bayanta da kwandon kaba a hannu, babu komai a cikinsa. 'Yar asalin Jiwa ce, Kirista, matar wani ɗan jaridar rediyo da ke tsare tun farkon damina. Ni na san ta, Inna ma ta san labarinta. Ta gaida mu, ta zauna can gefe har mutane suka ragu, sannan ta matso ta ajiye kwandon a gaban Inna. Gwaggo ta ɗauka sadaka ta zo karɓa, ta miƙa hannu za ta zuba mata waina a ciki. Inna ta dafe bakin kwandon da tafin hannunta, ta ce ba na waina ba ne.

Matar ta yi magana da irin Hausarsu ta nan, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mama, na kawo kayanku. Baba ya yi nasa, ya gama. Kar Oga ya samu wahala saboda mu."

Ogan da take nufi shi ne Yaya, babban ɗan Baba, wanda ke waje yana karɓar gaisuwar maza. Inna ta jawo kwandon ta ajiye shi kusa da ƙafarta, a nan ya wuni.

Saboda wannan kwando nake wannan rubutu. Mutane za su tuna Baba da motocinsa da rumfunansa da masallacin da ya yi wa rufi, kuma duk gaskiya ne. Ina tsoron kada a manta da abin da shi kansa ya fi ɗauka da muhimmanci.

Duk ranar Juma'a, idan an sauko daga masallaci an ci abinci, Baba yakan cika kwando da kansa. Lemo ne mafi yawa, sai ayaba, abarba ɗaya ko biyu, mangwaro idan lokacinsa ne. Yana zaɓensu ɗaya bayan ɗaya yana jujjuyawa, ba ya yarda yaran shago su taɓa. Sai ya sa kwandon a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, shuɗiya, wadda duk wanda ke bin hanyar Kaduna ya san ta Baba ce, ya jefa tabarma da buta, ya nufi gidan wani da hukuma ta kama saboda abin da ya rubuta ko ya faɗa. Idan ya isa ba ya neman lungu ya ɓoye motar. A bakin ƙofar gidan yake tsayawa, ya danna ham har sai an leƙo, ya shimfiɗa tabarmarsa a waje ya zauna. Ba ya shiga, domin mai gidan ba ya nan. Mace ce ke shigar da kwandon, ta fito da na makon jiya da aka juye. Kwanduna biyu ne ga kowane gida, ɗaya a wurinsu, ɗaya a wurinmu, kullum suna musaya. Muddin akwai kwandonmu a gidan mutum, ya san za a dawo.

Shi kuwa yana zaune a waje, ya ciro wuƙarsa ya fara fere lemon da ya ware. Hannunsa ya ƙware, ɓawon yakan sauko siriri, a murɗe, ba ya tsinkewa har ƙarshe. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga murya ya gaishe shi, ya miƙa masa ya ce ya sha, na gidan nan ne. Makon farko da wuya a samu mai karɓa. Mutane sukan tsallaka ɗaya gefen titi kamar ba su ji ba. Yara ne ke fara zuwa. Daga nan iyayensu mata su zo janye su, dole su gaida dattijo, dole su ɗan leƙa su ce wa matar gida sannu. Kafin wata ya zagayo sai ka ga maza biyu uku a kan tabarmar suna tsotson lemo suna zancen ƙwallo. Idan la'asar ta yi ya yi sallarsa a nan bakin ƙofa, ko gidan Musulmi ne ko na Kirista, ya naɗe tabarma ya koma.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai aika da kwandon ba ya huta. Ranar ne ya ba ni labarin mahaifinsa. A zamanin siyasar farko, a ƙauyensu na ƙasar Zazzau, an ɗaure mahaifinsa saboda ya tashi a bainar jama'a ya yi magana a kan haraji. Baba yana ƙarami a lokacin. Ya ce yunwar da suka sha ya manta ta. Abin da bai manta ba shi ne wuta. Gidansu ne gidan da mata ke zuwa ɗiban garwashi kowace safiya, domin mahaifiyarsa mai sammako ce. Tun daga ranar da aka kama mijinta babu wadda ta sake zuwa. Ta ci gaba da hura wutar da wuri, ta zauna tana kallon ƙofa, garwashin na mutuwa. Ya ce wata safiya ya ga tana share hawaye, ta ce masa hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da daina hayaƙi.

"Wanda aka kama, an san inda yake," in ji shi. "Na gida su ne ake ɓatarwa."

A zamanin soja na ƙarshe ya fara. Lokacin ana rufe gidajen jarida, ana kwashe mujallu daga hannun masu talla, mutum ya fita da safe ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abuja tana sabuwa, kowa baƙo ne, kowa yana tsoron maƙwabcinsa. Baba bai yi boko ba, a yaƙi da jahilci ya koyi haɗa baƙi, Turanci kuwa sai an fassara masa. Amma yakan ce mutumin da ya faɗi abin da kowa ke gani kowa ya yi shiru, aikin kowa ya yi, don haka iyalinsa nauyin kowa ne. Sai daga baya muka ji cewa mujallun da aka hana sun sha tafiya Kaduna da Kano a ƙarƙashin buhunan lemonsa. Mai ɗab'in nan da ya zo ta'aziyya ya ce akwai shekarar da ba don takardar bugu da Baba ya yi ta saya musu ba, da ƙaramar jaridarsu ta mutu. Takardun gidanmu kuwa sun sha zuwa tsayawa beli, har Inna takan ce sun fi mu sanin hanyar kotu.

A waɗannan shekaru Inna ce ke shigar da kwandon. Takan yi kwalliya kamar mai zuwa biki, ta fesa turare, ta zauna a gaban mota kusa da shi. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya, na karanta masoya iri-iri, masu haɗuwa a bakin rafi da masu musayar zobe, amma ban ga wanda ya kama mini zuciya kamar waɗannan tsofaffi biyu a cikin shuɗiyar mota mai tari ba. Ba su taɓa zuwa wurin shaƙatawa ba. Juma'a ita ce ranar zancensu. Lemon farko da zai fere a bakin ƙofar kowane gida ba ya ba kowa, yana ajiye shi a aljihun babbar riga, sai a hanyar dawowa ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, idonsa na kan titi. Ita kuma ta karɓa ta ce yau ma mai tsami ya zaɓo mata. Da gwiwoyinta suka gaza, ni na gaje ta, tun ina budurwa har bayan na yi aure. Lemon farko dai bai canza mai shi ba, ni ce kawai ke kai mata gida.

Shi ne kuma ke sa direbobin Kano su zo mini da littattafan. Idan ya same ni a bayan rumfa na duƙufa a kan ɗaya, ido ya yi ja, sai ya ce, "Uwata, yau kuma wa aka raba da wa?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini haka. In na fara ba shi labari ya saurara tsakani da Allah, ya tambayi ko iyayen yarinyar suna da maƙwabta na kirki.

Yana da faɗa, kada in ɓoye. Idan dillali ya cusa masa ruɓaɓɓen lemo a ƙasan buhu, har ƙarshen layi ana jin muryarsa. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, sai dai ka ga an aiko maka da abarba. Kuma ya sha cin kuɗin cefane a kan mutanen da ba mu taɓa gani ba, Inna ta yi ta fushi kwana da kwanaki.

Da aka koma mulkin farar hula, kuɗin mai suka shigo, Abuja ta fara tashi sama. Inda muka sani gonakin doya da dawa, sai ga gidaje masu jan rufi jere kamar an zana su. Kowa ya samu wayar hannu. Kasuwa ta buɗe, Yaya ya karɓi ragamar ciniki ya faɗaɗa shi, ya fara kai kaya manyan otal-otal. Ƙungiyoyi masu ba da tallafi, na gida da na waje, suka zo suna biyan lauyoyi, suna horar da 'yan jarida. Wata rana suka gayyaci Baba taro a wani otal don su karrama shi. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya je, sanyin ɗakin ya hana shi sakat, aka yi ta Turanci ana tafi. Ya dawo da wani allon gilashi da aka rubuta sunansa, Inna ta mayar da shi abin danne labule. Ya ce mutanen kirki ne, Allah ya saka musu, domin abin da suke yi shi ba zai iya ba, bai san ko shafi ɗaya na doka ba. Abu guda ne ya ce ya lura: duk cikinsu babu mai tabarma.

A wannan lokacin kwandunan sun ragu, har akwai shekarun da babu ko ɗaya a waje. Muka ɗauka an gama. Sai aka kama mijin matar nan.

Ɗan jarida ne a wata ƙaramar tashar rediyo mai zaman kanta. Ya yi shiri a kan gonakin mutanen wajen Jiwa da wani kamfanin gine-gine ya zagaye da katanga, ya sa tsofaffin manoma suka yi magana da bakinsu, suka faɗi inda kaburburan iyayensu suke. Bayan shirin ya fita, wasu mutane masu fararen kaya suka zo suka tafi da shi. Aka ce tayar da hankalin jama'a, aka yi ta ɗage shari'a. Kamfanin na wani babban mutum ne, kuma otal ɗin da ya fi kowanne sayen kayan Yaya nasa ne.

A kan wannan Baba da Yaya suka yi faɗan da ba su taɓa yin irinsa ba. A tsakar gida ne, bayan la'asar, ina nan. Yaya ba mugu ba ne, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce akwai magidanta da yawa da ke ci a ƙarƙashin wannan ciniki, ya ce soja sun tafi, yanzu akwai kotu, akwai ƙungiyoyi, an ma ba mutumin lauya. Ya ce a aika wa matar da duk abin da take bukata, shi zai ɗauki nauyi, amma don Allah kada a kai shuɗiyar mota ƙofar gidan, domin duk garin an san ta. Baba ya bar shi ya gama.

"Kakin suka cire suka sa babbar riga," ya ce. "Tsoron maƙwabta bai canza kaya ba."

Yaya ya ce shi ke nan, Baba ya fi son bare a kan 'ya'yansa. Baba ya tashi ya shige ɗaki. Ranar Juma'a muka tafi Jiwa ni da Baba.

Gidan yana ƙarshen wani layi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, da bishiyar gwanda a bakin ƙofa. Na shiga da kwandon na sami matar zaune a ƙasa, rediyo a kunne a tashar da mijinta ke aiki, ana ta kiɗa. Ta ce tun da aka tafi da shi ba ta kashe ba, ko za ta ji an ambaci sunansa. Ta ce matar da suke zuwa coci tare ta daina biyo mata, mai shagon layin ya ce ta riƙa aiko yaro maimakon ta zo da kanta. Da ta ji ham ɗin Baba ta ɗauka an dawo kama ta ne. Na ce ta leƙa. Ta ɗaga labule ta ga tsoho da farin gemu a kan tabarma a ƙarƙashin gwandarta, yana fere lemo yana kiran wani mai keke ya zo ya sha. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta je ta ɗebo ruwa a kofi ta ce in kai masa na alwala.

Duk damina muna zuwa. Baba yana ce mata "'yata," goyon nata kuma "maigida." Maƙwabta suka dawo kaɗan-kaɗan, kamar yadda suka saba dawowa. Baba da Yaya kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su. An kira Yaya daga otal an yi masa magana mai harshen damo, an ce a gaida Alhaji, an ji yana yawan zuwa Jiwa shan iska. Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin rasuwar, aka aiko wa Yaya da abarba daga rumfar Baba. Bai samu zuwa ya yi godiya ba.

To, ga kwandon matar a gaban Inna, ga ɗan'uwansa a rataye a ɗakin Baba. Duka biyun sun dawo gida, abin da bai taɓa faruwa ba sai in an sako mutum.

Ranar Alhamis da yamma, da masu gaisuwa suka ragu, Yaya ya shigo wurin Inna. Ya rame cikin kwanakin nan, muryarsa ta dishe. Ya ga kwandon, ya san na ina ne. Ya ce ya riga ya yi tunani: gobe zai sa a cika buhu guda, ba kwando ba, a haɗa da shinkafa da mai, a ba wani ɗan acaɓa ya kai. Kowane mako haka, har a sako mutumin. Ya ce ladan Baba ba zai yanke ba. Gwaggo ta ce madalla, Allah ya yi masa albarka, hakan ma ya fi. Na buɗe baki zan yi magana na rufe, domin ni mace ce a gidan wani, ba ni da mota, kuma zaman bakin ƙofa ba nawa ba ne.

Inna tana zaune a kan tabarmar takaba, babu ɗan kunne, babu kwalli, casbaha a hannu. Ta ce ya bar buhunsa, yarinyar ba yunwa ta kawo ƙara ba. Ta ce tunda babu namijin da zai je, ita za ta je.

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta ce takaba fa take yi, ko kwana bakwai ba a yi ba, mace mai takaba ta fita ta zauna a bakin titi a ƙofar gidan wasu, me za a ce, me malamai za su ce. Inna ta ce ta sani. Yaya ya ce ta yi wa Allah ta bar wannan magana, ya tashi ya fita. Duk mun ɗauka zafin rashi ne ya sa ta faɗa.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina wanke-wanke na ga Inna ta fito daga ɗaki da mayafi, tana bin bango saboda gwiwoyinta. Ta ce in cika kwandon daga lemon da 'yan kasuwa suka kawo na sadaka, in zaɓa da kyau. Na cika. Ta ɗauki tabarmar Baba da butarsa, ta ciro makullin mota daga ƙusar da yake rataye shi, ta ce in kira mata tsohon direban nan. Gwaggo tana biye da ita tana roƙo. Haka ta ratsa tsakar gida, taki ɗaya ta huta, har ta kai zaure, inda maza ke zaune. Wasu suka kawar da kai don kunya.

Yaya ya miƙe daga cikinsu. Ya tsaya a gabanta ya tare ƙofa, ya dubi tabarmar da ke hammatarta, ya dubi ƙafafunta da suka kumbura. Ban san abin da ya gani ba. Na dai ga ya durƙusa a gaban mutane, ya miƙa hannu biyu.

"Inna, kawo makullin. Koma ciki."

Ta ba shi makullin, ta ba shi tabarma da buta. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro wuƙar Baba, wadda aka kawo mata daga kasuwa ranar Talata, ta ɗora a kai.

Ni da Yaya muka kama hanyar Jiwa. Motar tana ƙamshin Baba, lemo da turaren ɗan goma, hularsa ta aiki tana nan a kan gaban mota inda ya bar ta. Da muka shiga layin na ga Yaya yana neman inda zai raɓe ta, sai kuma ya wuce ya tsaya daidai ƙarƙashin gwandar. Ya daɗe da hannu a kan sitiyari kafin ya danna ham.

Matar ta fito da gudu, ta tsaya turus da ta ga wanda ke shimfiɗa tabarma. Na shigar da kwandon. Muka zauna ni da ita a bakin labule muna kallonsa. Yaya bai iya fere lemo ba, ya saba da lissafin tireloli, ɓawon sai tsinkewa yake guntu-guntu, har ya yanki naman. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba sunan, ya kifa ta a kan tabarma. Ta sake yi, bai taɓa ta ba. Can wani tsoho daga gidan da ke kallon nasu ya tsallako, ya tuɓe takalmi ya zauna, ya ce sun ji abin da ya faru, Allah ya ba da haƙuri, Baba mutum ne. Yaya ya miƙa masa lemon da ya sassaƙe. 

"Sha, Baba. Na gidan nan ne."

Da ya idar da la'asar ya naɗe tabarma, matar ta fito ta durƙusa daga nesa. Ta ce ba ta da kwandon da za ta ba mu, ta riga ta mayar, bari ta juye wannan yanzu mu tafi da shi. Yaya ya ce ta bar shi a nan, na wani makon yana gida.

Ba a ƙara karɓar kayan Yaya a otal ɗin ba. Babu wanda ya ce masa komai, an dai daina kira, kuma dole ya sallami wasu daga cikin yaransa, abin da ya fi komai yi masa ciwo. Mutumin yana tsare har yau da nake wannan rubutu, an sake ɗage shari'ar. Ba zan ce Yaya ya daina jin tsoro ba, ina ganinsa a fuskarsa duk ranar Juma'a idan ya ɗauki makullin.

Amma a wannan Juma'ar ta farko, da muka dawo gida, ya wuce kai tsaye ɗakin Inna. Ya sa hannu a aljihu ya ciro lemo guda, wanda ya fara ferewa, duk ya ji rauni, ya ajiye a gefen tabarmarta ba tare da ya dube ta ba. Ban san ya lura da wannan ba a duk shekarun nan. Inna ta ɗauka ta jujjuya shi a hannu. Ta kai baki ta tsotsa, hawaye na bin kumatunta, ta ce mai tsami ne.

Ya Allah, bawanka ya zo maka, shi da bai taɓa shiga gidan da ya je ba, a waje yake tsayawa. Kada ka bar shi a bakin ƙofa. Ka yafe masa faɗansa da kurakuransa, ka shigar da shi cikin rahamarka, ka sanyaya masa makwanci. Ka ba Inna haƙuri, ka ƙarfafi zuciyar Yaya, ka mayar da mai gidan Jiwa ga iyalinsa, mu karɓo kwandonmu daga hannunsa.